Sabuwar salula, tsohon bashi



Saura wata biyu mu fasa asusunmu na bara, kaɗan ya rage ƙungiyarmu ta rabu biyu. Ba sata aka yi ba, ba kuma wadda ta ci amanar wata. Salula ce aka canza. Mun daɗe muna shawara ko mu faɗi wannan labari ko mu rufe shi, don ba abin alfahari ba ne. Daga baya muka ga abin da ya same mu yana nan yana jiran kowace ƙungiya a garin Agadas, daga Tudu har Dagamanet, matuƙar akwai salula a hannun sakatariyarta. Shi ya sa muka ce gara mu ji kunya sau ɗaya, ku kuma ku tsira.

Mu 28 ne, muna zama kowace Alhamis bayan la'asar. A cikinmu akwai masu awara da ƙuli-ƙuli, akwai masu saƙar tabarmar kaba, akwai masu sarin albasar Tabelot da lemun Timia, akwai mai cuku. Tsarinmu irin na Mata Masu Dubara ne, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kafin ya bazu cikin Nijar da ƙasashe da dama. Kun san shi: akwati mai kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Iyayenmu da suka fara abin, lissafinsu a ka yake. Kowace ta san abin da ta zuba, ta san na maƙwabciyarta a zama. Da muka shiga ajin yaƙi da jahilci muka kawo littafi. Daga baya salula ta shigo, kuma ba mu taɓa zama mun ce mun amince ta shigo ba. Kawai mun wayi gari sakatariyarmu tana ɗaukar hoton shafin littafi duk mako, muna da zaure a WhatsApp, wadda ta yi tafiya Arlit ko Ingal tana aiko zubinta ta waya, ta bi shi da saƙon murya, bokal ɗin nan da muka fi ganewa da rubutu. Akwati na da kwaɗo uku, amma rabin sirrin ƙungiya ya koma cikin wata ƴar na'ura da ke ɗaure a bakin zanen mace ɗaya.

Ga yadda abin ya faru. Ɗan sakatariyarmu yana aikin zinariya a Cibarakaten, can wajen iyakar Aljeriya. Allah ya buɗa masa, ya aiko wa uwarsa sabuwar salula ta hannun wani direba. Tsohuwar dama ta gaji: gilashi ya tsage, batir ya kumbura saboda zafin Afrilu da Mayu, har marfin baya ya ɗaga. Ta ɗauki biyun ta tafi wurin wani mai gyara a kasuwa. Ya cire sim ya sa a sabuwa, ya saukar mata da WhatsApp, ya tura hotuna da waƙoƙin biki ta Xender, sannan ya ce, "Hajiya, wagga tsohuwar mi za ki yi da ita? In ba ki jika 8." Ta ga riba ce, ta karɓa. Ba za mu ɗora wa yaron laifi ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Sai da ta koma gida ta buɗe WhatsApp ta ga sunan zaurenmu yana nan, amma ciki fayau. Hirar shekara biyu, ko guda babu.

Da farko ba mu damu ba, don abin da aka faɗa a zaure yana cikin wayoyin sauranmu. Matsalar tana cikin abin da ba a faɗa a zaure ba. Ɗaya daga cikinmu ta ci bashin jika 30 a asusu, sannan ta tafi Arlit zaman jegon ɗiyarta. Daga can ta riƙa aiko biya kaɗan-kaɗan ta lambar sakatariya. Littafi ya nuna biya biyu, jika 10 sau biyu. Ita kuwa ta rantse ta aiko sau uku. Sakatariya ba ta musa cewa jika 10 na uku ya shigo ba, amma ta ce wannan kuɗin atamfa ne, don akwai cinikin zannuwa tsakaninsu su biyu wanda bai shafi ƙungiya ba. Mai bashi ta ce, "Wallahi Yaya na faɗa miki a bokal, na ce na asusu ne." Sakatariya ta ce, "Ni abin da na ji, na zane kinka ce." Saƙon ya tafi da tsohuwar waya. Ita mai bashi da wayar surukinta ta aiko shi, shi kuma ya daɗe da gogewa don wuri ya cika masa.

Muka koma wurin mai gyara, ya riga ya wanke wayar ya sayar. Muka je ofishin kamfanin da aka aiko kuɗin ta hannunsa, da katin shaidar sakatariya, suka duba suka tabbatar mana jika 10 ya shigo, ga rana, ga lokaci. Nan muka koyi darasin farko: kamfani ya san nawa aka aiko da ranar da aka aiko, amma bai san don me aka aiko ba. Wannan yana cikin murya, muryar kuma ta tafi.

Mako uku ana zuwa taro ana zama gefe-gefe. Masu goyon wannan, masu goyon waccan. Duk wadda ta taɓa riƙe ƙungiya ta san jika 10 ba shi ne abin tsoro ba, abin tsoro shi ne ranar da mace za ta fara tunanin ko littafin ma gaskiya ne.

Abin da ɗiyarmu ta koya mana

Ɗiyar ma'ajiyarmu tana karatu a jami'ar Agadas, wadda aka buɗe a 2014. Uwarta ta jawo ta taro wata Alhamis. Yarinyar ta zauna a bakin tabarma, ta karɓi wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya tana dubawa tana girgiza kai. Sannan ta ce, "Iyayena, kuna cewa abu yana cikin waya. Ba duka ke cikin waya ba. Wani yana cikin lamba, wani yana cikin ita wayar, wani kuma yana wajen Google. In ba ku san inda kowanne yake kwana ba, ranar ƙaura za ku bar wani a tsohon gida."

Ta fara da lamba, kuma nan hankalinmu ya ɗan kwanta. Kuɗin da ke Airtel Money ko Moov Money, ko a manhajar masu aika kuɗi irin su MyNita, ba a cikin salula suke ba. Suna wajen kamfani, an rubuta su da lambarki da sunanki. Ko waya ta faɗa rijiya, kuɗin na nan. Abin da ke buɗe su shi ne sim da kod ɗinki na sirri. Ta tuna mana cewa da aka sayar da Orange ta Nijar a 2019 ta koma Zamani, mutane ba su rasa lambobinsu ba, har yau ma wasu tsofaffi Oranj suke ce mata. Lamba ta fi waya tsawon rai.

Amma sai ta yi tambayar da ta sa wuri ya yi tsit: "Sim ɗin da sunan wa aka yi rajistarsa?" Muka fara kallon juna. Wata da katin mijinta aka saya. Wata da na ɗanta da ke Libiya shekara uku. Wata a bakin tasha ta saye shi da rajistarsa, ba ta ma san sunan da ke kai ba. Ranar da sim ya ɓace ko ya ƙone, in kin je a sabunta miki, katin shaidar mai sunan za a nema. In ba sunanki ba ne, lambar da duk masu cinikinki suka sani, da kuɗin da ke kanta, sai yadda hali ya yi. Mu a ganinmu wannan ya fi duk sauran maganar nauyi, kuma gyaransa ba ya bukatar iya karatu: ki ɗauki katinki, in zai yiwu ki tafi da wanda sunansa ke kai, ki je ofishin kamfanin ki nemi a mayar da layin sunanki. Ta kuma ja kunnenmu kan layin da aka jefa a kwalla aka manta. In ya yi watanni ba a amfani da shi, kamfani na iya rufe shi ya ba wani lambar.

Sai ta zo kan WhatsApp, inda muka ƙone. Da yawanmu mun ɗauka hirarmu tana ajiye a wani wuri can, ko wace waya ka buɗe za ka tarar da ita, kamar yadda Facebook yake. Ba haka ba ne. WhatsApp kamar yaron mota yake da ka ba saƙo a tasha: ya kai, ya miƙa, ya wuce, bai riƙe komai ba. In wayar mai karɓa a kashe take, yana riƙe saƙon har kwana 30 yana jira. Da zarar ya shiga, to a cikin wayarki kaɗai yake. Lambarki za ta mayar da ke cikin zaurukanki a sabuwar waya, amma ba za ta dawo da abin da aka faɗa ba. Abin da sakatariyarmu ta gani ke nan: ɗaki yana nan, kaya babu.

Xender kuma, da muke ganin ya iya komai, hotuna da bidiyo da waƙoƙi yake kwashewa. Ko an yi dubara an kwaso saƙonnin murya da shi, za su zo a warwatse, ba sunan wanda ya aiko, ba abin da aka faɗa kafinsu ko bayansu. Kamar a kawo miki shafukan littafin asusu an yayyage an cire sunaye.

Hanya biyu ce ta ɗauko hira yadda take. Ta farko ita muka fi so, don ba ta cin forfe. Tun 2023 WhatsApp ya sa hanyar da waya ke miƙa wa waya kai tsaye, in duka biyun Android ne, irin Tecno da Itel da Infinix da Samsung da ke hannunmu. Yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, don haka ga kalmomin da za ki nema, ko ki sa yaro ya nemo miki. A tsohuwar waya ki buɗe WhatsApp, ki shiga Paramètres, sannan Discussions, sannan Transférer les discussions. A sabuwar ki saukar da WhatsApp, ki sa lambarki, wadda dai kike da ita a tsohuwar. Za a aiko miki kod mai lamba 6 ta saƙo, ki sa. Sai wani zane mai murabba'i, baƙi da fari kamar saƙar tabarma, ya fito a sabuwar. Ki ɗora idon kyamarar tsohuwar a kansa. Daga nan ki ajiye su kusa da juna, Wi-Fi a kunne a duka biyun ko da babu intanet a gidan, kada ki fita daga shafin, kada ki taɓa komai har su gama. Abin da zai ci miki forfe kaɗan ne, na saukar da manhajar da tabbatar da lamba. Sharaɗin dai ɗaya ne, kuma shi ne ya kuɓuce mana: tsohuwar waya ta kasance a hannunki, tana da rai.

Ta biyu ita ce ajiya a wajen Google, don ranar da ba ki shirya ba: an sace, ta faɗa ruwa, ta mutu dare ɗaya. A wuri guda take, Paramètres, Discussions, sannan Sauvegarde des discussions. Google na ba kowa wurin ajiya na giga 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp a cikin wannan wurin ake lissafa ta. Ita tana cin forfe, musamman karon farko. Shawarar yarinyar ita ce a cire bidiyo daga ciki, don bidiyon biki da wa'azi da ake ta turowa su ne ke cinye wuri, muryoyi da rubutu ba su da nauyi sosai. A sa ta riƙa yi duk mako. Mu mun zaɓi daren Alhamis, bayan taro. Ranar da kika sa WhatsApp a sabuwar waya, da lamba ɗaya da asusun Google ɗaya, zai tambaye ki ko ya dawo da ajiya. Ki danna Restaurer. Nan masu gyara ke yawan yin sauri su tsallake, don ana jiransu. In aka tsallake, sai an cire WhatsApp ɗin an sake sa shi kafin tambayar ta dawo. Ki tsaya a kansa a daidai wannan wuri, ko zai ce kin cika naci.

Wani abu da ta gano a wayoyin mutum huɗu cikinmu: ba WhatsApp na asali ba ne, irin GB ɗin nan ne da yara ke sa mana don yana da launi da ƙawa. Shi kamfanin bai san da shi ba, yana iya rufe lambar da ke amfani da shi, kuma waɗannan hanyoyi biyu ba a dogara da su a kansa. Wadda ke riƙe da maganar ƙungiya ta yi haƙuri da launi, ta koma na asali.

Makullin da ke hannun mai shago

Maganar Google ta tono wata. Yarinyar ta tambayi kowace adireshin Gmail ɗinta da kalmar sirrinsa. A cikin masu manyan wayoyi, mutum biyu kaɗai suka iya faɗa. Sauranmu, ranar da muka sayi waya mai shago ya buɗe mana, ya sa abin da ya ga dama, muka ce na gode muka tafi. Wata ma da aka duba, asusun mai shagon ne da kansa a wayarta, lambobin mutanenta suna can haɗe da na wasu da ba ta sani ba. Inna, wadda ta girme mu duka, ta ce, "Ashe mun gina ɗaki mun bar makulli wajen magini." Aka yi dariya, amma ba ta daɗi ba.

Wannan asusun shi ke riƙe lambobin mutane in an ajiye su a cikinsa, shi ke riƙe ajiyar WhatsApp, da shi ake saukar da manhajoji a Play Store. In kin san shi, sabuwar waya za ki sa shi kawai, lambobinki su sauko da kansu. In ba ki san shi ba, ki gyara tun tsohuwar wayar na aiki, don a lokacin ne ya fi sauƙi a canza kalmar sirri a kuma ɗaura lambar wayarki a kan asusun, yadda ko kin manta za a aiko miki kod. In asusun na wani ne, a buɗe miki naki. Ki kuma sa a duba inda lambobin mutanenki suke kwana. Sim ba ya ɗaukar fiye da kamar 250, kuma waɗanda aka ajiye a ƙwaƙwalwar wayar kanta, can za su zauna in ba a mayar da su Google ba. Mai sarin albasarmu ta taɓa rasa lambobin direbobin Tabelot gaba ɗaya ta wannan hanya, a tsakiyar kaka.

Mun yi gardama kan inda za a ajiye kalmar sirri. Wasu suka ce a rubuta a sa a akwatin asusu. Muka ƙi, don wayar mace ba ta ƙungiya ba ce, akwai hirarta da mijinta da ƴaƴanta a ciki. Muka tsaya a kan kowace ta rubuta nata a takarda, ko ta sa wanda ta yarda da shi ya rubuta mata, ta ajiye tare da takardun haihuwar yara. Kod ɗin kuɗi kuwa ba a rubuta shi kusa da waya, ba a faɗa wa mai gyara. Babu gyaran da ke bukatarsa. In sabuwar waya ta nemi a sa shi, ki karɓi abarki ki sa da hannunki.

Haka kod mai lamba 6 na WhatsApp. Kun sha jin yadda ake yi: wani ya kira, muryarsa da ladabi, ya ce an yi kuskure an turo miki wata lamba, ko ya ce za a sa ki cikin zauren tallafi, ki karanto masa. Kina karantowa ya ɗauke WhatsApp ɗinki zuwa wayarsa, ya shiga zaurenku da sunanki da hotonki yana cewa a taimaka a turo kuɗi. Lokacin canza waya ya fi haɗari, don kina jiran kod dama, ba za ki yi mamaki ba. Maganinsa kwaɗo na biyu ne: Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ki zaɓi lamba 6 taki ta kanki. Ki zaɓi wadda ba za ki manta ba, don in kin manta kuma ba ki ɗaura adireshin Gmail a kai ba, sai kin jira kwana 7.

Wadda za ta canza har da lamba, akwai Changer de numéro a ƙarƙashin Compte. Ta yi shi a tsohuwar waya kafin komai, zai ɗauke ta da zaurukanta zuwa sabuwar lamba. Kuma kowane zaure ya kasance da masu kula aƙalla biyu. Namu sakatariya ce kaɗai a da, yanzu mu uku ne, masu makullan akwati.

Sai tsohuwar waya. Jika 8 ɗin da aka ba sakatariyarmu ba shi ne kuskure ba, saurin karɓarsa ne. Ki riƙe tsohuwar mako guda bayan ƙaura. Ki buɗe hirar mutum uku ko huɗu a sabuwar, ki saurari tsofaffin muryoyi, ki nemi lambar wani da kika daɗe ba ki kira ba, ki duba saƙonnin shaidar kuɗi, don su sau da yawa ba sa biyowa. Wanda ke da muhimmanci ki ɗauki hotonsa ko ki kwafe lambar shaidarsa a littafi. In komai ya cika, ki cire sim da katin memwar, ki cire asusun Google daga cikinta, sannan a wanke ta gaba ɗaya, abin da wayar ke kira Réinitialiser, a gabanki. Ba sai mun tsaya bayani ba: akwai hotunanmu ba lulluɓi, akwai na ƴanmatanmu ranar ƙunshi. Goge hoto ɗaya-ɗaya bai isa ba.

Cire asusun kafin wankewa yana da dalili. Tun wajen 2015 wayoyin Android suna da kariya saboda ɓarayi: in aka wanke waya da ƙarfi ba a cire asusun ba, tana tashi za ta nemi asusun mai ita na da, ta ƙi wucewa. Wannan ya shafe mu ta ɗaya gefen ma, don da yawan wayoyin da muke saye na hannu ne, waɗanda ke shigowa daga Libiya da Aljeriya. Kada ki biya sai an kunna ta a gabanki, ta wuce har inda za ki sa naki asusun. Ki kuma danna *#06#, lamba 15 za ta fito, ita ce shaidar wannan wayar ita kaɗai. Ki rubuta ta a takardar nan taki, ranar sata za a tambaye ki ita.

A ƙungiyance mun canza abu biyu. Duk kuɗin asusu da aka aiko daga nesa, a zaure ake faɗarsa, ba a kunnen mutum ɗaya ba. Mun san akwai kunya, ba kowa ke son a ji tana biyan bashi kaɗan-kaɗan ba, amma dama a gaban kowa ta ɗauka. Sannan ranar taro ana rubuta shi a littafi da lambar shaidarsa, a karanta da ƙarfi. Hoton shafin kuma zaure ake turawa, ya kwana a waya goma maimakon ɗaya.

Watan jiya ma'ajiyarmu ta sayi sabuwa, muka ce a gabanmu za a yi ƙaurar. Ta zo da biyun cike da caji, don ba a fara wannan aiki da batir rabi, ga kuran ɗin da ba ya sallama in zai tafi. Ɗiyarta ta zauna gefe ta naɗe hannu, ta ce ba za ta taɓa ba, mu za mu yi. Sakatariya ce ta riƙe tsohuwar, ita ta nemo Discussions da kanta tana haɗa baƙaƙen ɗaya-ɗaya. Karon farko zanen ya ƙi kamuwa, ashe ƙura ce a idon kyamara, aka goge da bakin mayafi. Muka ajiye su a kan faifai muka ci gaba da zubi. Kafin a rufe akwati sun gama. Ma'ajiya ta buɗe hirarta da ƙanwarta da ta rasu bara, ta danna wata tsohuwar murya, muka ji marigayiyar tana tambayar kuɗin barkono. Ba wadda ta yi magana na ɗan lokaci.

Jika 10 kuwa, Inna ce ta yanke. Ta ce tunda kuɗin ya shigo lambar da ƙungiya ta sani, a lissafa shi na asusu, maganar atamfa su biyu su je su daidaita a gida. Sakatariya ta ce ta yarda, ko da yake mun ga ranta bai so ba. Har yanzu ba su koma cinikin zane tare ba, amma ranar rabo tabarma ɗaya suka zauna. Ƙungiyar da ke son ɗiyarmu ta zo ta duba mata wayoyi, ta aiko ta hannun shugabarta. Ranar Asabar da safe take da sarari, kuma ta ce kowace ta zo da katin shaidarta.